'Yata ta kwance rediyon babanta, lissafi kuma ya kayar da ita

Wasiƙar wannan makon daga Rigasa da ke Kaduna ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye kamar yadda mai ita ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti. Ina da 'ya mai shekara 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati. Tun tana firamare ba ta ganin abin lantarki ta ƙyale shi. Tocila, caja, tsohuwar fanka, sai ta kwance ta ga abin da ke ciki. Ta taɓa tayar mini da fitilar caji da na riga na jefa a shara. To watan jiya ta buɗe rediyon babanta ta kasa mayarwa, kafin nan kuma wuta ta taɓa jan ta a soket. Ransa ya ɓaci sosai, ya ƙwace sukudirebanta, ya ce wannan aikin maza ne, in karatu take so ta yi na jinya. Kakarta kuma kullum cewa take wa zai auri mace mai hawa falwaya. Abin da ya fi damuna, 38 ta ci a lissafi zangon da ya wuce, makarantarsu kuma ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Na ga tallan wani lesin na hutu a cikin gari, ana koya wa yara kwamfuta da haɗa mutum-mutumi, naira dubu 90 na mako huɗu. Ɗinki nake yi, wata mai zuwa ni ce da kwasar adashi, da niyyata in sayi sabon keke. In biya mata a ɓoye, ko in bi bayan babanta mu raba ta da abin?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki ita, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Ki kwashi adashinki ki sayi kekenki. Ban ce duk masu irin wannan lesin macuta ba ne, akwai masu yi tsakani da Allah. Amma na san yadda da yawansu ke tafiya: a buɗe akwati, a fito da kayan da aka riga aka auna aka yanka a masana'anta, yaro ya bi hoto ya harhaɗa, abin ya yi 'yar tafiya a kan tebur, a tafa. Ranar rufewa a ɗauki hotuna, a miƙa takardar shaida, a kwance kayan a mayar akwati don masu zuwa gaba. 'Yarki za ta dawo gida da takarda mai ƙyalli, 38 ɗinta kuma na nan inda ta bar shi. Batun ɓoyewa kuwa ki cire shi daga ranki. Yarinya ta yi mako huɗu tana shiga mota zuwa cikin gari kullum, a ce maigida bai ji ba? A Rigasa? Ranar da zancen ya fito ke faɗan kwana biyu za ki sha, ita kuwa babanta zai haɗa abin da take so da cin amana a zuciyarsa, kuma wannan ya fi wuyar gyarawa fiye da rediyo.

Na daɗe ina koyar da fiziks a makarantar 'yan mata kafin in ajiye alli, shi ya sa da na karanta wasiƙarki idona bai tsaya kan rediyo ba, kan 38 ya tsaya. Baɗi iyanzu tana aji uku, za ta zauna jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, daga nan a raba su, wasu ajin kimiyya, wasu na adabi, wasu na kasuwanci. Makin lissafi da na kimiyya ake dubawa a yi wannan rabon, ba mai tambayar ko ta iya tayar da fitilar caji. Wanda kuma zai nemi karatun injiniya, darussa huɗu zai rubuta a JAMB: Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, sannan ya kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO, waɗannan huɗun na ciki. Yaron da bai zauna ajin kimiyya ba, ina zai samo fiziks ɗin da zai rubuta? Na ga 'yan mata masu hannu irin na 'yarki da ba su farga ba sai suna aji biyar, suka zo ofis suna kuka a canza musu aji, alhali an yi nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kina da kusan shekara guda, kuma ta isa.

Yara irinta ba don kai ba ya ja suke faɗuwa lissafi ba. Ba wanda ya taɓa nuna musu cewa x ɗin da ke kan allo abu ne da ake iya riƙewa a hannu. Ki aika a sayo mata batir mai bolt 9, wannan mai kusurwa huɗun da ake sa wa makirfo, da jajayen ƙwayayen LED guda goma, da resistoci masu lamba daban-daban. Masu sayar da kayan gyaran rediyo suna da su, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ta haɗa ƙwai ɗaya kai tsaye da batirin. Zai yi wal sau ɗaya ya mutu. Ki bar ta ta ƙona na biyu ma in ba ta yarda ba. Sai a tambaye ta, me ya kashe shi? Jan ƙwan nan kusan bolt 2 yake buƙata, wutar da ta dace ta bi ta cikinsa kuma amfiya 0.02 ce. Batir ya ba shi 9. Saura 7 ke nan da dole wani ya shanye, aikin resista ke nan. To wacce za a sa? A raba 7 da 0.02, a samu 350. Ta duba cikin nata ta ɗauki mafi kusa daga sama, mai om 390, ta sa a tsakani. Ƙwan zai kama, ya zauna lafiya lau. In bai kama ba ta juya ƙafafunsa, doguwar ce ke zuwa gefen alamar tarawa. Cikin minti goma ta yi ɗebewa, ta yi rabawa da lamba mai ɗigo, ta juya dokar Ohm, V = I × R, ta ware R gefe guda. Wannan juyawar ita ce abin da ake zaga mata sifili a kansa a makaranta, ga shi ta yi shi don kada ƙwai na uku ya ƙone.

Kuma in tana zuwa Islamiyya, ai ta san rabi da rubu'i da sumuni, ta san sulusi da sudusi a babin gado. Al-Khwarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 wanda daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta fito, wani babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado ya rubuta shi. Kusa da mu ma, malamin Katsina Muhammad bn Muhammad al-Fulani, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi yadda jimlarsu za ta zo ɗaya ta kowace fuska. Ki ajiye wannan a bakinki don ranar da wani zai ce lissafi kayan boko ne.

Sai dai kada in yaudare ki, wasa da batir yana buɗe sha'awa ne, ba ya maye gurbin zama a yi ta aiki. Wanda ya ci 38 a aji biyu, yawanci ramin tun firamare aka haƙa shi. Ki gwada ta yau da dare kina ɗinki: bakwai sau takwas nawa? Rabi da sulusi in an tara nawa ne? In ta tsaya ƙirga yatsu, kin gano inda za a fara. A nan ne za ki kashe kuɗi. Ki nemi ɗaliba ko ɗalibin Foli (Kwalejin Kimiyya da Fasaha) ko KASU (Jami'ar Jihar Kaduna) a unguwarku, akwai su a kusan kowane layi, ya riƙa zuwa sau biyu a mako, a tsakar gida inda idonki yake. Ki faɗa masa ƙarara kada ya bi littafin ajinta tukuna, ya koma jadawalin ninkawa da lamba mai sama da ƙasa har sai sun zauna, sannan ya hau tsofaffin takardun BECE. Ita kuma rabin awa kullum, tambayoyi goma, ko bayan asuba ko bayan la'asar. Kashi kaɗan na dubu 90 ɗin nan zai riƙe wannan na watanni.

Yanzu maigida. A abu biyu cikin uku gaskiya gare shi, kuma ki fara da faɗa masa haka. Rediyonsa ne, ba ta nemi izini ba, ta ɓata. Wuta kuma ta ja ta. Wutar NEPA bolt 230 ce, tana kisa, balle a gidan da ake tafiya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Uban da ya ji haka ya ƙwace sukudireba bai yi laifi ba. "Aikin maza ne" ɗin nan da ya ce, ina jin rabinsa tsoro ne ya rasa yadda zai faɗe shi. Don haka ki zo masa da doka kafin ki zo masa da roƙo: daga yau ba ta taɓa duk abin da ake jonawa a bango, batir kaɗai, kuma kada ya wuce bolt 12. Talabijin, inbata, sitabilaiza, ko an cire su daga wuta ba ta buɗe su, domin akwai kafasita a cikin irin waɗannan kayan da ke riƙe wuta bayan an zare waya. Batirin waya da na fawa-banki ba a huda su, ba a lanƙwasa su, ba a kai su kusa da murhu, wanda ya kumbura kuma a fitar da shi daga ɗaki, don suna kamawa da wuta. Ruwan batirin mota yana cin fata da ido. In ta kai ga liƙi da dalma, a fili za ta yi inda iska ke kaɗawa, ba ta riƙe dalmar da baki kamar yadda wasu masu gyara ke yi, ta wanke hannu da sabulu kafin ta ci abinci, ƙannenta kuma su yi nesa. Ba mu manta ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba.

Rediyon kuma sai an gyara shi. A tattara shi da duk kusoshinsa a leda, ki raka ta ko yayanta ya raka ta wajen mai gyara, ta tsaya a kansa ta ga inda ta kuskure, a biya daga asusunta ko kuɗin tararta. Ta kawo wa babanta da hannunta, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Daga nan ta ɗauki ɗabi'ar da duk mai gyara na kirki yake da ita: kafin ta kwance komai ta zana shi a takarda ko ta ɗauki hotonsa da wayarki, kowane mataki hoto guda, kusoshin kuma ta jera su a kwalin ƙwai, kowane rami da nasa, bi da bi yadda ta cire su.

Abu na ukun, wato jinya ko injiniya, ba ma sai kun ja a kansa yanzu ba. Makarantar jinya kiredit take nema a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Hanya ɗaya ce har aji shida. Da 38 a lissafi, jinyar da yake so ma ba za ta samu ba. Ki ce masa, "Malam, ko jinyar ce ai sai ta shiga ajin kimiyya, mu taimaka mata ta shiga." Ba ƙarya kika yi ba, ba kuma ki ja da shi ba. Shekara huɗu tsakanin yanzu da cike fom ɗin JAMB, zuciya tana juyawa a ƙasa da haka.

Kuma maza, ki gafarce ni, sun fi yarda da abin da ya rage musu asara. In kuna da ƙaramin batir na sola a gida, ki sa ta karanta abin da aka rubuta a jikinsa. A ce bolt 12 ne, 7Ah. Ta ninka, 84. In fankar da ke kansa wat 15 ce, ta raba 84 da 15, awa biyar da rabi da ɗan ɗori. Amma irin wannan batirin mai dalma ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, in ana yi yana saurin mutuwa, don haka awa uku ma da ƙyar. Ranar da ta ce, "Baba, abin da ke kashe mana batir shi ne barin fanka har asuba," ta nuna masa a takarda, ki kalli fuskarsa kawai, kada ki ce komai.

Rashin ɗakin gwaje-gwaje ya dame ki, ni ma yana damuna, haƙƙin yara ne da aka tauye. Amma madafinki ya fi wasu ɗakunan gwajin da na shiga kaya. Ki dafa zoɓo ba sukari ba kayan ƙamshi, ki tsinka shi da ruwa har ana ganin haske ta cikinsa, a zuba a kofunan gilashi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemun tsami, zai ƙara ja, ya yi haske. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take zai yi duhu ya karkata wajen kore. Abin da ke ba zoɓo launi yana canza kala gwargwadon tsami ko kanwar abin da ya gamu da shi, aikin da takardar litmus ke yi ke nan a makaranta. Sai ta bi gida tana gwadawa: ruwan tsamiya, nono, ruwan toka, omo, ruwan rijiya, ta raba su gida biyu. Ta ɗauki kofin da ya yi duhu ta riƙa ɗiga lemo tana ƙirgawa, ɗigo nawa kafin jan ya dawo? Ke da kanki kin san wannan, duk ranar da kika sa kanwa a miyar yakuwa don kashe tsami, kika ga ta yi kumfa. Kumfan iskar kabon ce ke fita. A aji biyar za ta tarar da shi a kemistiri da dogon suna, ta ce ai na Mama ne.

Gwaji na biyu ya fi wannan daɗi a wurina, don injiniyanci ne tsantsa. Tukunyar ƙasa babba, ƙarama a cikinta, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin babbar yana bin iska, yana tafiya da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi, yadda dai randa ke yi. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka don adana tumatir da gauta da alayyafo, ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ki saya mata ma'aunin zafi mai araha da littafi mai bango mai tauri. Ta rubuta zafin ciki da na waje da safe, da azahar, da magariba, mako guda a watan Maris, ta sake a watan Agusta. Za ta ga tukunyar ta fi aiki da rani, da damina kuwa ta yi lalaci, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ta gwada a inuwa da cikin ɗaki, ta sa tumatir ɗaya ciki ɗaya waje ta ƙirga kwanaki. Littafin nan ki kula da shi kamar takardar fili. Kwanan wata, abin da ta yi tsammani, abin da ta auna, abin da ya ƙi. Mai kwance kaya daban, mai aunawa ya rubuta daban, kuma na biyun ake nema a jami'a.

Daga nan sai ki shirya ki je makarantarsu, iyaye mata ba mu cika zuwa ba sai an kira mu kan laifi. Ki nemi malamin kimiyya ko na fasaha, ki tafi da fitilar da ta gyara. Ki tambaye shi ko suna da ƙungiyar JETS, wato ta ƙananan injiniyoyi da masana kimiyya da aka san makarantun sakandare da ita a ƙasar nan, wadda ake gasarta daga shiyya zuwa jiha zuwa ƙasa. A makarantu da yawa sunanta kawai ya rage a allon ofis, amma malami ɗaya mai zuciya da yara biyar sun isa su tashe ta, kuma malami yana samun ƙarfi in ya ga uwa ta tako. Akwai gasar lissafi da kimiyya ta Cowbellpedia mai rukunin ƙaramar sakandare da na babba. Akwai gasannin Olimfiyad na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. In ta kai aji biyar akwai InterswitchSPAK ta ɗaliban kimiyya. Ba na so ki sa ran kofi. Yaron da ya zauna irin wannan jarrabawa sau ɗaya, ko bai kai ko'ina ba, ya ga girman filin. Sannan akwai Technovation, ta 'yan mata zalla daga shekara 8 zuwa 18, shiga kyauta ne, su haɗu su biyar ko ƙasa da haka da babba mai jagora, su ƙirƙiri manhajar waya da za ta magance wata matsalar unguwa. A 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onitsha suka ci rukunin ƙanana na duniya a Amurka da manhajar gano jabun magani.

Wayarki ma za ta yi aiki. PhET, na Jami'ar Colorado, yana da gwaje-gwajen fiziks da kemistiri kyauta, har da wanda ake haɗa batir da ƙwai da resista a kan allo, a ƙona ba asara. Scratch, na jami'ar MIT, yana koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta ta hanyar jera tubala, ana iya sauke shi a kwamfuta a yi aiki ba intanet, in akwai mai ita a dangi. Da lokaci, a gabanki, ba ta shiga ɗaki da waya ba. Kin san dalili.

Ki kuma tuna a wane gari kike. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tun 1956 aka dasa harsashinta, tana Tudun Wada. Hukumar NBTE mai kula da dukan irin waɗannan kwalejoji a Kaduna hedikwatarta take. AFIT, makarantar fasaha ta sojojin sama, tana ɗaukar farar hula, ana karanta injiniyancin jirgin sama a can. Zariya ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin jiragen sama tun 1964, wadda ba matuƙa kaɗai take yayewa ba, har da injiniyoyin gyaran jirgi. Jelani Aliyu, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a Kaduna aka haife shi a 1966, kuma ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Amurka. Tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016 a ƙofar gidanku take. Yarinyar Rigasa ba sai an kai ta wata ƙasa ta ga aikin injiniya ba.

Sai Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Na san wani zai ce miki a kai ta koyon aiki can, tunda hannu gare ta. Ban goyi bayan a bar yarinya mai shekara 13 ita kaɗai a rumfar kasuwa ba, ko ta wace sana'a. Amma ziyara daban. Ki lallaɓa babanta wata Asabar ya riƙe hannunta su zaga tsohuwar Panteka, ta ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukunya, yadda ake ƙera injin niƙa daga farantin ƙarfe, yadda ake sake naɗa wayar injin lantarki da ya ƙone. Ta tafi da littafinta da tambayoyi uku. Masu sana'a suna son yaro mai tambaya, kuma uba yana jin daɗi a yabi ɗansa a gabansa. Shi ya sa na ce shi ya kai ta, ba ke ba.

Za ki ji maganar kwalejin koyon sana'a, irin ta gwamnati da ke Malali ko ta tarayya da ke Kafanchan. Ana shiga bayan aji uku, a yi shekara uku, a rubuta NABTEB, kuma takardar tana kai mutum Foli ko jami'a in kiredit ɗin sun cika. Hanya ce mai kyau wadda muka daɗe muna rainawa ba gaira ba dalili. Ga 'yarki dai, a yadda gidanku yake yanzu, na fi son ajin kimiyya na sakandare, don yana tafiya da bayoloji, ƙofar jinya da ta injiniya duka su zauna a buɗe, maigida kuma bai ji an yi masa wayo ba. In makarantar da za ta koma tana koyar da Further Maths da zanen injiniya, ta ɗauka. Kafin ki amince da kowace makaranta ki yi tambaya ɗaya: akwai malamin fiziks, kuma yana shiga aji? Ki tambayi ɗalibai, kada ki tambayi ofis.

Hajiya kaka kuwa, a bar ta da jikarta, wasan jika ne rabinsa. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta ƙasa, APWEN, tun 1982 take, 'ya'yanta kuma ba a kan falwaya suke kwana ba, wasu suna aji suna koyarwa, wasu suna ofis suna zane, da gidajensu da 'ya'yansu. In tabaran Hajiya ya saki ƙafa ko tocilarta ta ƙi kamawa, kin san wa za ki tura.

Maganar da maigida kada ki yi ta a gaban yara, kada kuma ki yi ta ranar da ya dawo a gajiye. Ki bari sai rediyon ya dawo yana magana. Ki roƙi abu biyu kawai a karon farko, mai lesin ɗin lissafi da izinin batir. Sukudireban kuma kada ki saya mata wani a ɓoye, ko ta yi kuka. Yana wurinsa, ya san inda ya ajiye shi. Ki ce masa in ta haura 60 a zango mai zuwa, shi zai mayar mata da hannunsa.